Dokar haƙƙin mallaka da masu fasaha: me ke sa su aiki, me kuma ke riƙe da su?

Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka a watan Maris na 2023, gwamnatin da ta gaje shi kuma ta buɗe ma'aikatar fasaha, al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira ta ba Hannatu Musawa, ake ta jin magana iri biyu a bakin masu sana'a. Wasu na ganin kakarsu ta yanke saƙa, wasu kuma na cewa an yi ba a yi ba. Mawaƙi na tambaya ko yanzu gidan rediyo zai fara biyansa. Marubuciya na tambaya ko za ta iya hana a karanta littafinta a YouTube ba da izininta ba. Mai ɗinkin hula ita ma tana da tata tambayar: zanen da ta yi wata biyu tana bi da allura, in inji ya kwaikwaye shi cikin awa ɗaya, wa za ta kai wa ƙara?

Amsoshin ba ɗaya ba ne. Dokar ta tarar da mutanen nan kowa da abin da ya jingina da shi, kuma ba dukkan abubuwan nan ne doka ke iya taɓawa ba.

Kalmomin da ake cakuɗawa

A bakin Bahaushe, sana'a ita ce abin da mutum yake ci da shi, fasaha kuwa ita ce gwanintar da ya zuba a ciki. Maƙera biyu za su iya ƙera fartanya iri ɗaya, amma ɗaya ne manoma za su riƙa bin sawunsa daga kasuwa zuwa kasuwa. Akwai kuma ɗan gado, wanda ya tashi ya tarar ana yi a gidansu, da ɗan haye, wanda ya shigo da ƙafarsa.

Haƙƙin mallaka a doka abu ne daban. Iko ne da aka ba wanda ya ƙirƙiri rubutu, waƙa, zane, hoto ko fim, na ya hana wani kwafa, sayarwa, yaɗawa ko juya aikin ba da yardarsa ba. Ba ya kare tunani ko salo, sai aikin da aka riga aka fitar aka adana, a takarda ko a faifai ko a waya. Ba sai an yi rajista yake tabbata ba, ko da yake Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana karɓar rajista, wadda kan zama hujja in rigima ta taso.

Sai kashi na uku, kayan gadon al'umma: tatsuniya, karin magana, waƙoƙin gargajiya, saƙa, ginin tukwane, ƙira, da zanen tufafi da ba a san wanda ya fara su ba. Dokar ta ware musu nasu babi, kuma a nan ne yawancin ruɗanin yake.

Me ke sa mutum ya zauna ya ƙirƙira?

Dalili na farko shi ne tuwo, kuma masu sana'a ba sa jin kunyar faɗa. Sai dai tuwo kaɗai ba zai bayyana abin da ya sa dukawa ke ƙara wa jaka ado a gefen da mai saye ba zai lura ba, ko abin da ya sa magini ke ɓata kwanaki yana zana fuskar zaure bayan ginin ya riga ya tsaya.

Gado yana da nasa ƙarfin. Yaron da ya tashi a maƙera yana zuga tun yana shekara bakwai bai zaɓi ƙira ba, ƙira ce ta zaɓe shi. Tsarin ya taskace ilimi na ɗaruruwan shekaru, ya kuma ɗaure mutane a matsayin da aka haife su, domin akwai sana'o'in da ake yi wa kallon ƙasa-ƙasa har a wajen neman aure. Kiɗa da roƙo suna cikinsu. Shi ya sa labarin ɗan haye ya fi nuna abin da ke zuciyar mai fasaha. Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa, bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ba. Ya yi duk da haka, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

Akwai masu yi domin lada. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta yi waƙoƙi da Fulatanci, Hausa da Larabci domin a karantar da mata ta hannun malamai mata da ake kira jaji, waɗanda take turawa ƙauyuka. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, ya ƙawata shi da zayyana, bai taɓa lissafa awoyin da ya ɓata a kai ba. A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa a Nijar, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, mutanen gari suna kawo tubali, ruwa da itace. Sai a 1986 ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan, abin da babu wanda ya sa a rai ranar da aka kwaɓa ƙasar farko.

Sannan akwai suna. Marubutan waƙoƙin ajami sun saba rufe waƙa da ambaton sunansu da garinsu, wani lokaci har da shekarar da aka yi ta cikin ramzi, wato haruffan da ke tsaya wa lambobi, domin kada wani ya ɗauka ya ce tasa ce. Abin da dokar zamani ke kira haƙƙin a jingina aiki ga mai shi, malaman zaure sun daɗe suna kiyaye shi da baiti biyu.

Uban gida, kasuwa da ranar biki

Abin da ke sa a fara daban, abin da ke sa a ɗore daban. A ƙasar Hausa, abu na farko da ya riƙe mai fasaha shi ne uban gida. Makaɗin fada irin Ibrahim Narambaɗa, wanda ya zauna ƙarƙashin Sarkin Gobir na Isa, ba ya sayar da waƙa. Ana ba shi riga, doki, hatsi da muhalli, shi kuma yana raya sunan gidan. Sana'o'in hannu su ma suna da sarautunsu, irin Sarkin Maƙera da Sarkin Magina, masu raba aikin fada da sasanta rigima. Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 zamanin Sarki Abdulkarim, a irin wannan inuwa ya yi aikinsa. Har manoma, mahauta da 'yan dambe suna da nasu makaɗan da suke ciyarwa.

Inuwar nan ta fara ja da baya lokacin da aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da baitulmali. Attajirai da 'yan siyasa suka maye gurbin. Doki ya koma mota da kujerar Makka, amma sharaɗin bai sauya ba: wanda ya ciyar da kai, shi za ka yaba. Bambancin kawai, sarki yana nan har mutuwa, ɗan siyasa kuwa shekara huɗu ce, wani lokaci ma kafin ta cika ya sauya sheƙa ya bar mawaƙinsa da waƙar da ba ta sake shiga kasuwa.

Abu na biyu kasuwa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a birnin da kewayensa suna kawo wuri miliyan 300 a shekara, ana kai su har Tumbutu da Tarabulus. Turkuɗin Kura shi ne rawanin Buzaye. Fatar jan akuyar Sakkwato tana ƙetare Sahara ta isa Turai, inda ake kiranta fatar Maroko, wato tun a wancan zamani sunan mai aikin yana ɓata a hanya.

Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne ranar biki. Sirdi, linzami, lifidi, alkyabba da rawani suna da masu yi ne saboda akwai ranar hawa. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. A shekarar ce kuma 'yan sanda suka dakatar da hawan saboda rikicin masarauta. Mai ɗinkin kayan doki a Kano ya ga abubuwa biyun a shekara ɗaya, kuma na biyun ne ya taɓa aljihunsa.

A bakin karofi, da cikin ɗaki

Wanda ya tsaya a marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta a 1498, zai ga yadda lokaci yake zama jari. Ana zuba ruwa a rami mai zurfi, a haɗa da baba da toka da kanwa, a bar shi kwanaki yana ruɓa ana motsawa, har kumfa ta taso. Marini ya tsoma ƙyalle ya ɗaga. Yakan fito kore-kore, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi a idonka. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagawa, haka har launin ya kai inda yake so. Kafin nan mata sun ɗaure zanen da zare a cikin gida, bayan nan kuma mabuga za su ɗora shi a kan gungume su yi ta bugu har ya yi ƙyalli. Ko katsin da ya kwanta a gindin rami ba a zubarwa, da shi ake haɗa laso na shafe gini. Babu littafin da ke gaya wa marini cewa ruwa ya nuna. Hancinsa da idonsa ne, kuma shekaru ya yi a gefen ubansa kafin ya samu.

Yau ramuka da yawa a wurin sun bushe. Abin bai faro jiya ba. Kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuni na sinadari tun 1897. Masaƙun zamani, irin wadda aka buɗe a Kaduna a 1957, sun janye masu saye daga saƙar hannu, su ma daga baya rashin wuta da kayan waje suka durƙusar da su. Yanzu a Kantin Kwari ana samun yadin da aka buga wa zanen rini da inji a Sin, a farashin da marini ba zai iya ko sayen farin yadi da shi ba. A 2015 marina sun yi zanga-zanga a Kano kan wannan batu, kuma masu adire, wato rinin Yarbawa, na Abekuta suna irin wannan kuka.

Hula ta fi nuna yadda kuɗin ke rabuwa. Mai ba da aiki ya sayi yadi da zare. Mai zane ya zana. Mace a cikin gida ta ɗauki allura, tsakanin girki da raino, ta yi makonni, in mai cikowa ce ma watanni. Mai wanki ya wanke, ya sa sitaci, ya ɗora a kan katako ya daidaita. Sai dillali, sai mai shago. Wadda ta fi kowa daɗewa a kan hular ladan ɗinki kawai take karɓa, sau ɗaya, kuma babu inda sunanta ya fito. Abin da ya riƙe ta a sana'ar shi ne ana yin ta ba tare da an fita ba, tana shiga adashi da kuɗin, tana tara kayan ɗakin 'yarta.

Inda dokar ta kai, da inda ta tsaya

Ga marubuci da mawaƙi, dokar ta yi magana a fili. Haƙƙin rubutu da waƙa yana nan tsawon ran mai shi da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, magada ne ke cin moriya. Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙinsa suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069. Fim, hoto da sautin da aka naɗa kuwa shekara 50 ne. Babban abin da dokar ta ƙara a kan tsohuwar, wadda asalinta na 1988 ne, shi ne intanet: mai aiki zai iya rubuta wa masu shafi takardar ƙorafi su sauke abin da aka ɗora ba da izininsa ba.

Wannan ya zo daidai da inda kasuwar ta koma. Rubutun zube na Hausa ya faro da gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933, ya bunƙasa da adabin kasuwar Kano daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da marubuta, mata da yawa a cikinsu, suke buga littafi da kuɗinsu. Yanzu ya koma waya, inda ake biyan kuɗi a shiga zauren WhatsApp a karanta. Mutum ɗaya ya biya, ya tura wa ɗari. Fim ma haka. Kasuwar faifai ta mutu, masu shiryawa suka koma tashoshi irin Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube. A can, kafin a fara raba kuɗin talla da mai tasha a kan dogon bidiyo, sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, sannan ya karɓi kashi 55 cikin 100. Kuɗin tallan kuma ya danganta da ƙasar da mai kallo yake, shi ya sa Bahaushen da ke kallo daga Saudiyya ko Ingila ya fi na Gusau kawo riba. Sabon uban gida ke nan, wanda ba a gani balle a roƙe shi, kuma shi ne dalilin da ya sa fina-finai suka koma masu dogon zango.

Ga marini da mai hula kuwa, maganar ta sha bamban. Aska takwas da ake yi wa babbar riga ba ta da mai ita, ta al'umma ce. Dokar ta hana a yi kasuwanci da irin waɗannan kayan gado ba da izini ba, amma ikon ba da izinin yana hannun hukuma, ba hannun masu sana'ar ba. Marini ba zai tashi shi kaɗai ya kai masana'anta ƙara a kan zanen da ya gada ba, balle masana'antar da ke wata ƙasa. In kuma sabon zane ne mutum ya ƙirƙira domin a riƙa buga shi da yawa a masana'anta, wannan ya faɗa ƙarƙashin wata doka daban ta 1970, wadda ke buƙatar rajista. Akwai tanadin da ya ba mai zane kaso in an sake sayar da aikinsa a gwanjo ko ta hannun dillali, sai dai bai haɗa da kayan amfanin yau da kullum ba.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu goyon bayan dokar suna cewa matsalar mai fasaha ba rashin masu so ba ce, sata ce. In an toshe ta, aka ƙarfafa ƙungiyoyin karɓar kuɗi a madadin masu aiki, irin MCSN ta mawaƙa da AVRS ta 'yan fim, mawaƙi zai rage dogaro da ɗan siyasa. Masu ja da su suna nuna cewa shari'ar haƙƙin mallaka a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, kuɗin lauya kuma ya fi abin da yawancin littattafai ke kawowa. Suna ƙara da cewa yaɗuwar waƙa kyauta daga waya zuwa waya ita ce ke jawo wa mawaƙi gayyatar biki, inda ainihin kuɗinsa yake.

A ɓangaren sana'ar hannu, wasu na neman a toshe kayan waje. An gwada: Babban Banki ya hana masu shigo da yadi canjin gwamnati na wasu shekaru, ya janye a watan Oktoba na 2023, kuma a tsawon lokacin yadin bai daina shigowa ta iyakoki ba. Akwai kuma mai ƙaramin ƙarfi da ke son yi wa 'ya'yansa ɗinkin Sallah, wanda araha ce gatansa. Wasu na ganin mafita ita ce a daina gasa da inji a farashi, a nemi masu sayen aikin hannu da daraja. Suna kafa hujja da Ladi Kwali, wadda ta koyi ginin tukwane a gida, a 1954 ta shiga cibiyar da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a Suleja, aikinta ya zaga Turai, hotonta kuma yana bayan naira 20. Amsar da ake ba su ita ce wannan hanya mutum ɗaya take ɗauka cikin dubu, baƙi masu yawon buɗe ido kuma sun yi ƙaranci tun da tsaro ya taɓarɓare.

Akwai hanya ta tsakiya da Nijar ta bi, ta yi wa kaya rajista da sunan wurin da ake yin su, kamar yadda aka yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi a OAPI, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka mai kare haƙƙin ƙirƙira. Irin wannan rajista ta jama'a ce, ba ta mutum ɗaya ba, don haka ta fi dacewa da turkuɗin Kura ko tagullar Bida. Ba ta hana a kwaikwayi kaya, sai dai ta hana a sayar da na kwaikwayo da sunan na asali.

Abin da zai iso ga mutane

Mawaƙa, marubuta da 'yan fim su ne za su fara ganin bambanci, kuma a takarda za su gan shi. Dokar ta ce sayar da haƙƙi ɗungurungum ba ya inganta sai a rubuce. Matashin da ya karɓi kuɗi a situdiyo ya sa hannu ba tare da ya karanta ba zai iya tarar da ya sallama waƙarsa har abada, wanda bai sa hannu a komai ba kuma yana da abin kamawa. A fim, wanda ya ɗauki nauyin shiryawa ne doka ta sani a matsayin mai shi, don haka marubucin labari da jarumi sai abin da yarjejeniyarsu ta ce. Masu tashoshin karanta littattafai da masu tura waƙoƙi da fina-finai a waya a bakin kasuwa za su ƙara fuskantar ƙorafi da rufe tasha, mai karatu kuma zai ƙara jin ana ce masa ya biya. A Kano akwai ƙarin mataki, domin Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, tana da nata sharuɗɗan rajista da tantancewa, waɗanda ba su da alaƙa da haƙƙin mallaka ko da yake mutane kan haɗa su.

Ga masu aikin hannu, abin da zai yanke hukunci yana wajen kotu: farashin zare, fata da farin yadi, ko za a yi hawa bana, da ko ɗan marini zai ga dalilin zama a bakin rami shekara goma alhali abokinsa ya sayi Keke Napep yana kawo kuɗin cefane kullum. Littafin da aka sace yana nan, za a iya bin haƙƙinsa ko bayan shekara 30. Sanin lokacin da ruwan baba ya nuna kuwa a jikin mutum yake, kuma a Ƙofar Mata yawancin masu wannan sani furfura ta riga ta cika musu gemu.